Hannun Daman Malam Anestis

Argiro tana cikin gyaran takardar da za ta gabatar a sashen falsafa sai wayarta ta yi ƙara. Lambar ƙauye ce. Ta ɗauka, kafin ta buɗe baki muryar ta riga ta.

"Ke ce Argiro, ɗalibar Anestis?"

Ta haura hamsin, tana da digirin digirgir da furfura da ɗalibanta na kanta, amma a wurin wannan murya har gobe ɗaliba ce. Ta gane mai maganar nan take, yayar marigayi malaminta ce.

"Ni ce, Inna Lemoniya. Ina gajiya? Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan tana cina. Asabar za a ɗaga shi. Shekara uku ta cika, 'yan maƙabarta sun aiko suna son raminsu. Ki zo."

"Inna, ai wannan sha'ani na dangi ne."

"Dangin su wa? Ni kaɗai na rage, ni kuma na ce ki zo. Kin san dalili."

Tsohuwar ta ajiye wayar ba ko sallama.

Mu nan birni mamaci ba ya daɗewa a kwance. Wuri ya yi kaɗan, masu zuwa suna da yawa, in ka cika shekara uku sai a tono ka, danginka su wanke ƙasusuwanka da ruwan inabi su jera a akwatin ƙarfe, a kai ɗakin ajiya, wani ya shiga ramin. Ranar kuwa tsofaffin mata ba kuka kaɗai ke kai su ba, dubawa suke zuwa yi. In ƙashi ya fito tas, sai ka ji ana cewa ya narke, Allah Ya karɓe shi. In ƙasa ta ƙi ci, to wani mai rai ne yake riƙe da shi a zuci. Argiro tana da lacca guda a kan wannan, takan yi wa 'yan shekarar farko, takan ma sa su dariya. Ranar nan dai ta daɗe tana kallon wayar a kan tebur. Ta san dalilin kuwa.

Farfesa Anestis Kalfas shi ya duba kundinta tun tana yarinya mai gashi har gadon baya, mai ganin kowa mutumin kirki ne. A kan gafara take rubutu. Hujjarta a lokacin ita ce gafarar gaskiya kyauta ce, ba ta jiran mai laifi ya zo ya durƙusa. Ta ci rabin aikin sai mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki a can tsibirinsu. Ta tattara takardun ta kai masa ofis, ta ce, "Malam, ka riƙe mini, in Mama ta samu sauƙi zan dawo." Ya karɓa, har ya rako ta bakin matakala yana yi wa uwar addu'a.

Mama ba ta samu sauƙi ba, jinya ta ja ta cinye shekaru. Da Argiro ta dawo birni da baƙaƙen kaya a jikinta, abin da ta fara cin karo da shi a tagar kantin littattafai shi ne sabon littafin Malam, mai suna Kyautar da Ba a Roƙa. Ta shiga ta buɗe shi a tsaye. Kundinta ne, ko waƙafinta bai canza wa wuri ba.

Littafin nan shi ya kai shi Atina babban birni, shi ya kai shi ƙasashen waje, aka fassara shi, limaman coci suka riƙa tsakurowa daga ciki a wa'azin shiga azumi. Ita kuwa ta koma ta faro sabon kundi a kan abin da ba ya ranta. Waɗanda suka taɓa karanta rubutunta tun yana ɗanye sun gane sarai, amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Mutanen da za su wuni suna kumfar baki a kan ma'anar gaskiya ke nan, ranar da gaskiyar ta zo ta zauna a tsakar ofishinsu sai duk suka tuna suna da aji.

Ta samu aiki a sashen, ƙofar ofishinta tana kallon tasa, kullum safiya su gaisa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma ba ta tayar ba. Abin da ta yi shi ne ta duƙufa rubuta littafin da zai rusa wancan tun daga tushe, ta sa masa suna Sunan Laifi. Shekara da shekaru tana sassaƙa shi, sai bana ya fito. Masu sharhi suka ce ɗaliba ta yi wa malaminta tawaye bayan ransa. Ba wanda ya lura cewa da kanta take faɗa, da yarinyar nan mai dogon gashi da ta miƙa takardunta ta tafi.

Ciwon daji ne ya kwantar da Malam. Da ya ga ba tashi, sai ya yi abin da mutanen ƙauyensu ke yi, ya aika a kira masa duk wanda suka yi zama tare ya nemi gafara. Abokan aiki suka zo, maƙwabta suka zo, har mai kantin gahawar da yake zama ya rufe shago ya zo. Kowa ya kama hannunsa ya ce, "Na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya," ya fito yana share ido. Da la'asar aka zo kan Argiro.

Ɗakin yana warin magani da ɓawon lemo. Lemoniya tana zaune a bakin taga cikin baƙaƙen kayanta. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ta yi kiwon awaki ya yi karatu, ba ta taɓa aure ba. Malam ya ƙare, sai idanu. Ya ɗago hannun dama daga kan bargo da ƙyar, ya miƙo mata shi a buɗe.

"Argiro, 'yata, ki yafe mini."

Ta dubi hannun. Ta san abin da ake cewa, tun tana ƙarama ta sani. Amma abin da ya fito daga bakinta daban ne.

"In yafe maka me, Malam?"

Ya dube ta, ya dubi yayarsa, leɓɓansa suka motsa. Ta jira, Allah shaida ta jira, kuma da ya faɗi kalma ɗaya tak da ta faɗa kansa tana kuka. Sai ya juya fuskarsa ga bango. Hannun ya sauka a kan bargo, tafin yana kallon sama, kuma haka ta fita ta bar shi. Bai kai ƙarshen makon ba.

Ranar jana'iza Lemoniya ta tsaya a ƙofar coci tana rabon koliba, dafaffiyar alkamar nan mai rumman da sukari da ake ci don mamaci. Kowa ya karɓa ya ce, "Allah Ya gafarta masa." Argiro ta karɓi nata ta ce, "Na gode." Tsohuwar ta bi ta da kallo har ta fita daga harabar.

Ranar Juma'a, ana gobe tono, aka yi zaman tattauna littafinta a sashen. A baranda ta haɗu da shugaban sashe, Yordanis, ƙato mai tumbi da carbin wasa da ba ya barin hannunsa.

"Uwargida Sunan Laifi! Na ji gobe kina da ganawa da Malam. In kin gan shi ki ce masa har yanzu ba a gyara rufin ɗakin karatu ba."

"Ka zo ka gaya masa da bakinka."

"Ni? Allah Ya tsari gatari da noma, ki bar ni." Ya yi dariya, sannan ya haɗiye ta. "Tonon kakata na gani ina yaro, har yau ba na shan romon ƙashi. Me zai kai ki, don Allah? Ki ce ba ki da lafiya mana."

"Ta ce in zo."

"Kuma da ta ce ki faɗa teku?" Ya kaɗa carbin ya shige gaba.

Ɗakin taron ya cika fiye da yadda ta zata. Ta fara karatu, muryarta tana fita daidai, sai ta ɗaga kai. Can layin ƙarshe, tsakanin ɗalibai masu danna waya, ga Lemoniya zaune da jaka a kan cinya, baƙin ɗankwali ɗaure a haɓa. Motar safe ta shigo daga ƙauye ke nan, kuma wani ya nuna mata hanya. Argiro ta ɓata layi, ta koma ta kamo shi.

Da aka zo tambayoyi, Yordanis ya jingina da kujera ya ce, "To mun ji. Ba gafara sai an kira laifi da sunansa. Idan mai laifin ya mutu bai kira ba fa?"

"Ya tafi da kayansa ke nan."

"Haba Argiro. Ko don a sanyaya zuciyar waɗanda ya bari?"

Da tana da wayo da ta ce wannan tambaya ce mai zurfi, za ta duba ta a bugu na gaba, kamar yadda kowa ke yi. Amma Argiro in gardama ta kama ta ba ta ganin gabanta, kuma shekarun da ta yi tana haɗiye magana sun sa wadda ta samu hanya takan fito da kaifi.

"Wannan ba gafara ba ce, ladabi ne. Wanda ya ce na yafe alhali abin yana zaune a ƙirjinsa ƙarya ya yi, ko da don tausayi ya yi ta. Bai kwance kowa ba. Ƙara ɗaure shi ya yi, don yanzu ba wanda zai sake roƙo."

Aka tafa. Ita dai ba ta sake kallon layin ƙarshe ba. Da aka watse ta tarar da tsohuwar tsaye a bakin ƙofa, ta kai mata iya kafaɗa, tana dogare da sanda.

"Kin iya magana, 'yar nan. Rabin abin da kika faɗa ban gane ba, amma rabin da na gane gaskiya ne." Ta dubi ƙafafun Argiro. "Gobe ki sa takalmin da ba kya so. Wurin da laka."

Asabar ta waye da lumshi. An yi yayyafi, dogayen itatuwan maƙabarta suna ɗiga. A cikin bas Argiro ta shirya maganarta tsaf kamar mai zuwa lacca, kuma tana isa ta sauke ta, tun ba ta gama gaisuwa ba.

"Inna, kin san irin magungunan da aka ɗura masa a asibiti. Suna hana jiki narkewa da wuri, likitoci sun sani. Ga ƙasar nan yumɓu ce. Ko me muka gani yau, ba ya nufin komai."

Lemoniya tana shimfiɗa farin ƙyalle a kan kabarin maƙwabci. Ba ta ɗago ba.

"To me ya sa kike gaya mini tun ba a buɗe ba?"

Tsohuwar ta jera kayanta a kan ƙyallen, kwalbar ruwan inabi, ƙaramin daro, akwatin ƙarfe sabo fil da sunan Malam a jiki, da faranti na koliba a rufe. Fada Sotiris, limamin maƙabarta, yana hura gawayin kaskon turarensa yana tari. Masu haƙa su biyu sun riga sun ɗage dutsen kabarin sun jingina shi a gefe, rubutunsa yana fuskantar masu tsayuwa. Argiro ba ta taɓa zuwa kabarin ba tun da aka sa dutsen. Ta karanta sunan, ta karanta abin da ke ƙarƙashinsa.

"Wanda ya jira a roƙe shi kafin ya yafe, bai yafe ba, sayarwa ya yi."

Ta tuna ranar da ta rubuta wannan layin. A ɗakin haya ne, tana cin burodi da zaitun a kan takardun, har mai ya ɗiga a gefen shafin. Ta tashi ta zaga ɗakin don murna, ta ga duk duniya ba wanda ya kai ta sa'a.

A layin kaburburan da ke gaba wasu iyali sun riga su farawa. Nasu direban bas ne, wata ɗaya suka rasu da Malam, ciwo iri ɗaya, kamar yadda matarsa ta sanar da duk mai kunne. An miƙo mata ƙoƙon kansa, ta goge shi tana kuka tana dariya. "Ku duba mini, tas kamar kakin zuma! Kai, Stelyos, duk zagin da ka sha a hanya ashe ba wanda ya riƙe ka!" 'Ya'yanta suka karɓa suna sumbata ɗaya bayan ɗaya. Argiro ta kawar da kai. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, yumɓu ɗaya.

Masu haƙa suna aiki suna gardamar ƙwallo, ƙasa tana tashi tana faɗuwa. Can sai ƙarar shebur ta canza, ta zama ta itace mai ruɓewa. Gardama ta tsaya. Babban cikinsu ya ajiye shebur ya ɗauki ƙaramin magirbi, ya durƙusa a cikin ramin. Fada ya fara addu'a ƙasa-ƙasa, hayaƙin turare ya ƙi tashi, ya kwanta a bakin kabarin.

Aka ɗage ragowar murfin. Rigar kwat ɗin da Argiro ta sani a kowace lacca ta zama tsumma baƙi. Mai haƙa ya sa hannu ya ɗago ƙoƙon kai, ya kakkaɓe, ya miƙo sama. Tas yake. Lemoniya ta yar da sanda ta karɓe shi da hannu biyu, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta manna a ƙirjinta.

"Sannu da zuwa, ƙanena. Sannu da hanya. Ka ga yadda ka yi kyau?"

Argiro ta ji numfashin da ta riƙe tun ranar da aka buga mata waya ya fara fita. Haƙarƙari suka biyo baya, tas. Ƙasusuwan hannun hagu, tas, har zoben makaranta ya faɗo daga cikin laka. Mai haƙa ya juya ɓangaren dama, ya ja hannun rigar, sai ya tsaya. Ya daɗe a duƙe. Ya ja gyalen wuyansa ya rufe hanci.

"Fada," in ji shi, "zo ka gani."

Ba Fada kaɗai ya matsa ba. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu, hannun daman Malam yana nan da fatarsa, ta yi baƙi-baƙi kamar jemammiyar fata, farce biyar cif. Tafin a buɗe yake, yana kallon sama. Argiro ta san wannan buɗewar, ta gan ta a kan bargo. Warin ya iso gare su daga baya, mai zaƙi-zaƙi, turaren Fada bai iya da shi ba. A layin gaba matar direba ta yi alamar gicciye a ƙirjinta da yatsu, ta juyar da 'ya'yanta don kada su gani.

"Ba zai shiga akwati haka ba, Inna," in ji mai haƙa, ba ya kallon kowa. "Mayarwa za a yi, duka. Sai bayan shekara biyu a sake dubawa."

Fada Sotiris ya buɗe littafinsa ya karanta addu'ar kwance mamaci, wadda ake yi wa wanda ƙasa ta ƙi. Da sauri ya karanta ta, idonsa a kan shafi. Lemoniya ba ta saurare shi ba. Ta juyo da ƙoƙon kan a rungume, ta tsaya gaban Argiro.

"Hannun da ya miƙa miki ne."

"Inna, ta nan ake sa masa allurar maganin, shi ya sa..."

"Ta hagu ake sa masa. Ni na yi jinyarsa." Muryarta ba faɗa a ciki, shi ya fi ban tsoro. "Ya dake ki ne?"

"A'a."

"Ya taɓa ki, irin taɓawar da ba a faɗa? Gaya mini, ni tsohuwa ce, ba abin da kunnena bai ji ba."

"A'a, Inna, ko kusa."

"To me ya ɗauka?"

Tsohuwar ta dafa gefen dutsen, ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, har ta durƙusa a cikin laka da baƙin zanenta.

"Jiya kin ce sai an kira laifi da sunansa. Shi ba shi da baki yanzu, ni ina da shi. Ki gaya mini sunan, in maimaita, in roƙe ki a madadinsa. Ni na goya shi, abin da ya yi ni na yi."

"Don Allah ki tashi, Inna."

"Ba zan tashi ba. Ki dubi abin da ya rubuta, ga shi nan a dutse, ni na zaɓe shi. Fadan ƙauyenmu ya karanta mini littafin daga farko har ƙarshe. Kin san Anestis tun yana ƙarami bai iya yafiya ba? Wani yaro ya fasa masa kai da dutse a makaranta, har suka yi furfura ba ya amsa gaisuwarsa. Da na ji littafin nan na yi kuka, na ce ashe wahalata ba ta tafi a banza ba, karatu ya mai da ƙanena mutum. Shi ke nan abin da nake da shi a duniya, littafin nan. Mutumin da ya rubuta wannan, me zai yi miki da ba ya yafuwa?"

Sunan yana kan harshen Argiro. Kalma ɗaya ce, gajeriya, yaro ma ya san ta. Rabin rayuwarta ta yi tana jiran wani ya tambaye ta, ko a ofis, ko a baranda, ko a gadon asibiti, ba wanda ya tambaya. Yau an tambaya, a durƙushe, kuma duk duniya wannan ce mace ɗaya da ba za ta iya gaya wa ba. In ta faɗa, ta ƙwace wa tsohuwar awakinta da ƙuruciyarta da mijin da ba ta aura ba, ta bar ta da ƙoƙon kan ɓarawo a hannu. Ta dubi dutsen, layinta yana kallonta daga ƙarƙashin sunansa. Baƙin ciki ya lulluɓe ta, na shi, da na kanta, da na yarinyar da ta rubuta layin tana murna.

Ta sunkuya ta kama kafaɗun tsohuwar.

"Ba komai ba ne, Inna. Maganar aiki ce, ta wuce. Na yafe masa." Ta juya ga ramin ta ɗaga murya yadda masu haƙa da Fada da matar direba za su ji. "Malam, na yafe maka. Duniya da lahira na yafe."

Fada ya sauke ajiyar zuciya ya ce amin. Lemoniya ta bari aka ɗaga ta. Ta tsaya tana kallon fuskar Argiro, kallo mai tsawo, irin wanda ake yi wa akuyar da mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin ji tausayin tsohuwa." Ta gyara ƙyallen da ke kan ƙoƙon. "Amma jiya kin ce irin wannan ba ta kwance kowa."

"Inna, wancan littafi ne kawai."

"A'a, kada ki rena aikinki. Gaskiya kika faɗa, mu ma a ƙauye haka muka sani. Ni dai ban ga cikin zuciyarki ba, mai yiwuwa har can ta fito. Ƙasa za ta gaya mana."

Ta taka zuwa bakin ramin, ta kwance farin ƙyallen, ta sumbaci goshin ƙashin, ta miƙa wa mai haƙa. "Koma, ƙanena. Ka ƙara haƙuri kaɗan." Aka mayar da haƙarƙari, aka mayar da hannun hagu, har zoben. Ta ɗauki sabon akwatin ƙarfen, ta goge masa laka da gefen zanenta, ta ɗora shi a hannun Argiro. Ba nauyi, amma sanyinsa ya ratsa riga.

"Ki ajiye shi a wurinki. Likita ya ce ni ba zan ga hunturu biyu ba. Tun jiya na biya ofishinsu na ba su sunanki da lambar wayarki. In lokaci ya yi ke za su kira."

"Ni kaɗai?"

"Wa kike so ya zo? Ba shi da kowa sai ke."

Ta buɗe farantin koliba ta zuba a ƙananan kofunan takarda, ta ba Fada, ta ba masu haƙa, ta aika wa iyalin direba. Kowa ya ce, "Allah Ya gafarta masa." Ta miƙa wa Argiro nata, ta tsaya tana jira.

"Allah Ya gafarta masa," in ji Argiro.

Ta sa alkamar a baki tana taunawa, ta kasa kunne cikin ƙirjinta ko za ta ji wani abu ya saki. Abin yana nan inda yake, bai motsa ba. Mai haƙa ya tofa yawu a tafinsa ya ɗauki shebur. Ƙasa ta rufe kai, ta rufe ƙirji, ta rufe tsumman rigar. Hannun ne ya fi daɗewa a waje.